Cittata a Butar Rakiya

Tun da na dawo kun hana ni sakat. In na je gidan suna tambaya, in na je duba mara lafiya sai wata ta matso ta raɗa mini, "Wai ina kika baro Inna?" Ke kuma Tabawa kullum maganarki ɗaya, wai an ce mutanen Damagaram ganye suke dafawa su sha a cikin ƙarau. To, yau tunda kun taru, ku gyara zama in faɗa muku, wadda ba ta zo ba ku kai mata. Amma kada wadda ta katse ni da cewa in yi haƙuri. Haƙurin da nake da shi a hanya ya ƙare.

Kun san mu biyu Inna ta raya, ni 'yar fari, Rakiya auta. Kun kuma san kunyar ɗan fari, balle wurin Bafillatana irin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "waccan". Rakiya kuwa "Autana" ce ko a gaban surukai. Da Baba ya rasu, ni na ɗauko Inna na kawo ta gidanmu nan Takur, kuma tun daga ranar ba safiyar da ban dafa mata haɗin nan nawa ba: citta, kanumfari, ɗan masoro, kimba, ganyen tsaure da ɗoɗɗoya, in jefa dabinonmu na Dutse ya narke a ciki. Da yawanku kun sha, wasu ma har aike kuke yi in mura ta kama maigida. Inna takan shanye, ta kife ƙoƙon, ta tura mini shi da ƙafa. Ban taɓa damuwa ba, na ɗauka haka bakinta yake da kowa.

Rakiya kuwa kun tuna Malam Bukar, mutumin da ya riƙa zuwa sayen fatu har suka daidaita, ya tafi da ita Damagaram inda yake yi wa wani Balaraben Turabus dillanci. Bayan kaka sai fatake suka kawo albishir ta haifi ɗa namiji. Inna da take kukan gwiwa in za ta fita alwala, ranar da kanta ta sauko da ƙwaryar kayanta. Malam maigidana ya ce ba za a bar tsohuwa ta tafi ita kaɗai ba, in raka ta, ƙanensa Malam Isa zai bi ayari da jakuna zuwa can. Na zauna na daka haɗina mai yawa, na ƙulle a tsumma, ina cewa a raina maijego za ta san tana da yaya.

Zangonmu na farko mai daɗi Jahun ne, a gidan wani malami abokin Malam Isa. Matarsa ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, man shanu har yana kwance a kai. Da ta tambayi Inna ina zuwa, sai Inna ta buɗe baki: Autana ta haihu, Autana tun tana ƙarama ba ta da ƙiwa, Autana ce ta gado idon ubanta. Matar ta dube ni ta ce, "Wannan fa?" Inna ta kau da kai ta ce, "'Yar rakiya ce." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Daga nan muka gangara kogi. Ruwa bai gama janyewa ba, sai da masu fito. Wani ƙaton gora suke kifa mutum a kai, su tura shi suna iyo a baya. Inna ta hau nata tana salati ta haye lafiya. Ni kuwa na ɗora ƙullin haɗina a ka, muna tsakiyar ruwa sai jakin Malam Isa da ake ja ta gefena ya ga dama ya yi tirjiya, ya watso mini ruwa har cikin hanci. Na saki goran na dafe ƙullin da hannu biyu. Mai fiton ya cafko ni ta ɗamara yana faɗa, "Baiwar Allah, zinariya ce a kan naki?" Na ce ta fi zinariya. Da muka fita na shanya zanina a kan ƙaya, na kwance ƙullin, gefe ɗaya kawai ya jiƙe.

A Gumel muka sauka gidan fatoma, mai saukar da fatake. Uwargidansa wata tsohuwa ce mai faɗa, ta ba mu ruwan zoɓorodo mai tsami da ko zuma ba a ɗiga ba, sai da haƙorana suka mutu. Da safe na roƙi wuta na dafa wa Inna haɗina, ƙanshi ya fito da tsohuwar daga ɗaki. Na zuba mata. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta ce wa Inna, "Ke kam kin haifi 'ya. Wannan ai ko mai mutuwa ya sha sai ya nemi ƙari." Inna ta ce rana tana yi, a ɗaura wa jakuna kaya.

Bayan Maigatari aka ce mun zo iyaka. Na yi ta dube-dube in ga ganuwa ko kogi, ban ga komai ba sai gonar gero da aka girbe, irin ta bayanmu, da wata rumfa da tuta a kai. Wai daga nan ƙasar Ingilishi ta ƙare, ta Faransa ta fara. Inna ta ce, "Nan muke bi da shanu ina yarinya, ba wanda ya ce mana ƙasa ta ƙare." Wasu sojoji ne a rumfar, baƙaƙe dogaye masu jar hula, ba sa jin Hausa sai da tafinta. Aka sauke kaya duka. Ɗayansu ya kwance ƙullina, ya ga gari baƙi-baƙi, ya daka tsawa. Tafinta ya ce wai albarushi ne. Na ce kayan yaji ne. Sojan bai yarda ba, ya ɗebo ya kai hanci ya ja da ƙarfi. Ku da kuka san masoro kun san sauran. Ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi, 'yan'uwansa suna riƙe ciki. Tafinta ya ce mu tattara mu wuce tun bai farfaɗo ba.

A wata rijiya can gaba na fara ganin abin da ake kira shayi. Buzaye ne zaune a inuwar raƙumansu, fuska a rufe, namiji ƙato yana fifita gawayi a ƙarƙashin wata 'yar buta da ba ta kai dunƙulen hannu ba. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan, a can maza ne da wuta, matansu suna zaune suna kallo. Malam Isa ya san ɗayansu, aka miƙo mana. Ganyen nasu kore ne, sun haɗa da tazargade. Na kurɓa, na ji kamar na tauna ɓawon maɗaci. Don kunya na haɗiye. Amma in gaya muku gaskiya, daɗi na ji a raina. Dama tun a hanya fatake suna ta zancen shayin gidan Malam Bukar, na ce ashe wannan ne abin, to ni da ƙullina ba mu da abin tsoro.

Damagaram gari ne mai duwatsu kamar namu, sai dai ba inuwar dabino irin tamu, kuma raƙuma sun fi jakuna yawa a kasuwa. Gidan Malam Bukar soro ne har da bene. Rakiya ta fito da gudu, ta yi ƙiba, ta yi haske, hannu ya sha lalle. Ta rungume ni tana kuka tana "Yaya, Yaya," sannan ta faɗa jikin Inna. Ni da na zo da niyyar wankan jego, na tarar dangin mijin sun riga sun yi, sun gama, har tukunyar an kife. Kunun kanwa ma akwai mai dama mata. Na rasa abin da zan kama. Abinci kuwa sai wanda ban san sunansa ba: wani tsaki na alkama da ake turarawa a zuba romon rago, da cukun Buzaye mai tauri da sai an jiƙa, da gurasa. Su ba sa cin tuwo kullum, kuma ba su ga abin kunya a ciki ba.

Washegari da la'asar Rakiya ta ce matar Balaraben za ta zo gaida Inna, za a yi shayi. Aka shimfiɗa darduma a tsakar gida. Aka kawo farantin tagulla, a kai 'yan finjalai na ƙarau, kana ganin hannunka ta cikinsu, da buta mai dogon baki, da 'yan batta-batta. A gefe ga wani farin abu mai tsini a tsaye. Na ce, "Rakiya, kantu kuma? Gishiri ake sa wa abin?" Ta yi dariya har da hawaye, ta ƙwanƙwaso kaɗan da 'yar guduma ta sa mini a baki. Sukari ne. Da Balarabiyar ta iso, wata doguwa mai zoben hanci, abin da Rakiya ta fara ba ta labari ke nan da Larabci, suka sake yin dariyar tare. Ashe ƙanwata har Larabci ta iya.

Ganyen Rakiya baƙi ne, ba irin na Buzaye ba, a murɗe kamar busasshen rama. Ta dafa shi, ta riƙa ɗaga butar sama tana tsiyayawa a finjali, ta mayar, ta sake, har kumfa ya taso, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Ina kallon hannun nan, hannun da ni na koya wa riƙon muciya.

Na farko ba a sa masa komai ba sai sukari. Ja ne wur kamar jinin kaza, yana kama harshe, yana da ɗaci amma ba irin na maɗaci ba, ɗacin goro ne, wanda zaƙi yake biyo bayansa. Na so in ce ba daɗi. Ban samu hanya ba. Na biyu ta jefa na'ana'a ɗanye, wannan kuwa in ka sha sai ka ji iska tana shiga maƙogwaronka kamar ka buɗe ƙofa da asuba. Na uku shi ne abin al'ajabi, soyayyar gyaɗa ta zuba a ciki, kana sha kana tauna. Na ce a Dutse in aka ga mace tana jefa gyaɗa a ruwan zafi ba don kunu ba, sai a kira mai ruƙiyya. Rakiya ba ta fassara wannan ba.

Balarabiyar ma ta zo da nata a batta. Ɗaya an haɗa baƙin ganyen da busasshen furen wardi, ƙanshinsa ya fi ɗanɗanonsa, ni dai ji na yi kamar ina shan turaren amarya. Ɗaya da kirfa, mai ɗumi, shi ya fi kusa da abin da na sani. Inna tana zaune ta riƙe finjali da yatsa biyu kamar a ciki aka haife ta. Kowanne ta sha sai ta yi magana. Wannan ya fi wancan kauri. Wancan ya fi sanyi a ciki. Da ta shanye mai na'ana'a sai ta ce, "Autana, hannunki akwai albarka. Ban taɓa shan abu mai daɗin wannan ba."

Ban taɓa ba. Ku ji fa. Ashe bakin yana magana.

Da gari ya waye na riga kowa tashi, na nemi tukunyar ƙasa, na dafa haɗina yadda ban taɓa dafa shi ba, na zaɓi dabino masu laushi. Da la'asar Balarabiyar ta dawo, na ce wa Rakiya yau a ɗanɗana na mutanen Dutse. Ba finjali na zuba ba, ƙoƙo na sa, don a san bambanci. Balarabiyar ta sha, idonta ya kawo ruwa saboda masoro, ta fifita bakinta da hannu, amma ba ta ajiye ba sai da ta shanye. Ta yi wata doguwar magana tana nuna ni. Na ce, "Me ta ce?" Rakiya ta ce, "Ta ce da yaji." Na ce, "Duk wannan maganar?" Ta ce, "Haka Larabci yake, Yaya." Har yau ban san abin da matar nan ta faɗa ba, kuma yana cina.

Sai Rakiya ta ce, "Yaya, ba ni garin nan kaɗan in gwada wani abu." Na ba ta. Ta ɗora butarta, ta zuba baƙin ganye, ta ɗebi garina da yatsa uku ta watsa a ciki, ta jefa tsaure, ta fasa sukari. Ƙanshin da ya tashi ya sa Malam Bukar ya aiko daga zaure yana tambayar me ake dafawa. Aka zuba mini. Tabawa, ba zan yi miki ƙarya ba. Ɗacin ganyen ya riƙe zafin cittar, cittar ta tashi ganyen, kanumfari yana bi a baya a hankali. Ya fi nata. Ya fi nawa. Na sha abin da ya fi daɗi a rayuwata, ina jin kamar in watsar da shi.

Aka kai wa maza zaure, butar ta dawo ba ko ɗigo. Kafin a kwana biyu matan unguwa suna shigowa suna cewa a yi musu "shayin Rakiya". Na ce wa wata, "Cittata ce a ciki, ni na daka ta a Takur." Ta ce, "Allah sarki, sannu da daka," ta juya ta ci gaba da yabon Rakiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Inna kuwa daga ranar ba ta ƙara tambayar ƙoƙonta ba. Da safe Rakiya ce take kai mata finjali, ni ina gefe ina goyon jariri.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yarinyar nan ba ta yi mini laifin da zan kama ba. Ta ba ni ɗakinta, ta ba ni zanenta mafi kyau, kullum "Yaya kin ci?", "Yaya me kike so?" Da ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, da na samu inda zan sauke abin da ke raina.

Da Malam Isa ya sayar da kayansa ya ce a yi shiri, na shiga ɗaki ina ɗaure ƙwaryar Inna. Tana zaune tana jan carbi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke, bar wannan."

Na ce, "Inna, jibi ne fa tafiyar."

Ta ce, "Gwiwar nan ba za ta sake hawa goran masu fito ba. Kuma yaron nan yana son tsohuwa kusa."

Na ce, "To sai yaushe?"

Ta ce, "Sai yadda Allah ya yi."

Na tsaya da igiya a hannu. Na so in ce, Inna, shekarun nan duka wa ya dafa, wa ya wanke, wa ya shafa miki man a gwiwar? Amma 'yar fari ba ta da wannan bakin. Na kwance ƙwaryar na mayar da kayan inda suke.

Ranar tafiya Rakiya ta biyo ni zaure da ƙulli. Ta ba ni baƙin ganye, da gutsuren sukari, da wata 'yar buta. Sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, Inna ta ce wai ki bar sauran garin nan, kada ya ƙare mana." Na ce, "Ita ta faɗa da bakinta?" Ta ce, "Ta ce in gaya wa waccan." Na kwance ƙullin haɗina na miƙa mata duka. Ta ce kuma in fatake za su taho in riƙa aikowa. Na ce to. Inna ta fito har bakin ƙofa, ta ce a gaida mutanen gida, ta yi wa Malam Isa addu'a mai tsawo, ta koma ciki.

Dawowar ba abin faɗa. Sojojin iyaka wasu ne daban, ba su ko kwance kayana ba. Tsohuwar Gumel ta ce in dafa mata abin nan, na ce ya ƙare. Kogi ya janye, da ƙafa muka haye.

Na san abin da za ku ce, hassada ga mai rabo taki ce. Na sani. Ni ma na yi ta faɗa wa kaina tun daga Maigatari har Jahun, bai hana ni ji ba.

Da na huta, na ce bari in gwada wa Malam abin da na gano. Na daka sabon gari, na dafa baƙin ganyen a 'yar butar, na watsa garin da yatsa uku yadda na gani, na ɗaga butar sama, rabi ya zube a ƙasa, na dai samu na cika masa ƙoƙo. Mutumin nan tun aurenmu yake shan haɗina bai taɓa cewa uffan ba. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa, ya gyara zama ya ce, "Kai! Allah ya yi wa Rakiya albarka."

Na ɗauke butar tun bai nemi ƙari ba. Na ƙulle sauran ganyen na cusa can cikin azara inda sai da tsani. Saboda haka, Tabawa, ki daina leƙen bayana, ba abin da na ɗora a wuta. Wadda take son shan shayi, Damagaram ba ta tashi ba.